Kamfanin ba da shawara kan lasisin wuta a Birtaniya, na ba su uku cikin biyar

Jama'a barkanmu, ga yadda ta kaya tsakaninmu da wani kamfanin lauyoyi da muka ɗauka, sunansu dai na bar shi a cikina. Mu ƙaramin kamfani ne, so muke mu sayar da wutar da injinan iska na cikin teku ke bayarwa ga wata masana'anta, tambayar ita ce sai mun nemi lasisin Ofgem, hukumar da ke kula da harkar wuta da gas a Birtaniya, ko akwai rangwame, wato a yafe mana neman lasisin.

Gaskiya matar da aka haɗa mu da ita ta san aikinta. Zaman farko ta warware mana cewa Dokar Lantarki ta 1989 ta haramta sayar da wuta ba lasisi, amma wani umarnin gwamnati na 2001 ya yafe wa wasu rukunai, misali mai sayar da wutar da shi ya samar in ba ta wuce megawat 5 ba, kuma kada abin da ke shiga gidaje ya haura megawat 2.5, wannan ko takarda ba ka cikewa, kai za ka duba ka tabbatar ka cancanta, in ka yi kuskure kuwa wuyanka ne. Rangwamen cikin teku da muka sa rai kuma ashe na wutar da ake sha a can cikin tekun ne, ba wadda ta hau tudu ba. Nan jikinmu ya yi sanyi. Rangwame na musamman da ake ba kamfani shi kaɗai kuma wurin ministan makamashi ake nema, ba Ofgem ba.

Matsalar lauyoyin nan jan ƙafa wallahi, imel ɗaya sai ya yi sati ba amsa, ga kuɗin awa kamar ba gobe, har kiran waya na minti goma sai da suka saka a bil.