GARGAƊI: Mai tallar tenshinan taimin cen ya ci min ₦31,000, ya kuma kashe min injin Boxer

Jama'a, duk mai Boxer, duk ɗan acaɓa, duk mai babur ma, ku tsaya ku karanta. Akwai wani mutum da ke tallar tenshinan taimin cen (ƙarfen da ke ɗame sarƙar cikin inji, wato cen, kada ta saki) a Facebook, yana cewa nasa na musamman ne daga Indiya, wai in ka ɗaura shi kai da ƙarar inji sai dai ka ji a babur ɗin wani. Ɓarawo ne. ₦31,000 na tura masa: ₦28,000 kuɗin guda biyu, ₦3,000 kuɗin mota. ₦31,000, a wannan marra da muke ciki.

Kuma kafin wani ya fara ce min "ai kai ma da gaggawa", a sani ni ba baƙon babur ba ne. Na yi acaɓa a Kano har lokacin da aka hana goyo a 2013, na dawo gida na ci gaba da sana'ata. Yanzu babura biyu gare ni, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun ƙanena. Da kunne nake gane ciwon inji. Ƙarar da nawa ya fara yi da asuba in an tashe shi, wannan kacau-kacau ɗin ta gefen silinda da ke lafawa in ya ɗau zafi, ban buƙaci kowa ya gaya min cewa cen ce ta saki ba. Na kuma san aikin tenshina: sandarsa ce ke tura robar da ke danne cen, sifirin yana tura ta gaba a hankali yayin da cen ke miƙewa, kuma ba a so ta koma baya ko kaɗan. Shi ke nan aikinsa. In ta koma baya, cen ta yi sako-sako.

To shi wannan mutumin ya san duk wannan. Abin da ya kama ni ke nan. Ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, yana zaune a gaban kanta cike da kwalaye, ya ɗauko guda ya danna sandar da babban yatsa har farcensa ya yi fari, ba ta motsa ba. Ya ce, "Alhaji, kalli nan. Na kasuwa in ka danna haka sai ya nutse. Wannan in ya yi maka ƙara kafin shekara 3, ka dawo min da shi, Allah ya isa tsakanina da kuɗinka in na ci." Har ma ya tambaye ni ko an duba robar cen, ya ce in robar ta cinye ko tenshinan zinare ka sa ba zai hana ƙara ba. Wane ɗan damfara ne zai ba ka shawarar da za ta iya hana shi ciniki? Muna cikin magana aka kira la'asar, na ji kiran a wayarsa, ya ce, "Alhaji bari in yi salla, ciniki ba ya gudu." Ya kashe waya. Wallahi wannan "ciniki ba ya gudu" ita ce ke hana ni barci. Shi ne fa ya katse cinikin da kansa. Ku gaya min wanda ba zai yarda ba.

Bawul biyu (marafan shigar mai da fitar hayaƙi a inji) ne suka lanƙwashe. Na tsallake, bari in koma.

Kaya sun iso ta tasha, a ɗaure cikin leda mai tambari, fes da su. Na danna sandar a gaban direban, ta tsaya ƙyam. Na danna ta biyun, ita ma haka. Bakanikena ya ɗaura guda a nawa, ya daidaita alamomin taimin ɗin inji, ya tayar, inji ya yi shiru kamar an shafa masa mai. Har na kira mutumin na yi masa godiya. Godiya fa! Akwai muryar a wayata, zan saka ku ji.

Af, ban faɗa ba: sunan da ke kan asusun da na tura kuɗin daban yake da sunan da yake amfani da shi a Facebook. Na tambaya tun kafin in tura, ba wai ban lura ba. Ya ce asusun yayansa ne mai shagon, nasa yana da matsala. Rabin 'yan kasuwar da nake hulɗa da su haka suke yi, kowa ya sani.

Ba a daɗe ba ƙara ta dawo, ta ma fi ta da. Na tura masa saƙo, ya ce sabuwar roba ce ke zama, in ba ta lokaci. Ranar kasuwa, na ɗauko buhun masara da mai buhun, muna kan hawa sai na ji ƙas, inji ya mutu. Na taka kik, ya tafi fayau babu nauyi. A nan na san an gama. Da ƙafa na turo shi, mai masara yana bina yana mita.

Da aka buɗe, cen ta tsallake haƙora. Ga wanda bai sani ba, karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) yana juyi biyu kam (sandar da ke buɗe bawul) ya yi ɗaya, cen ce ke riƙe wannan lissafin. Da ta tsallake, bawul ya buɗe a lokacin da fistin ke tahowa sama, suka yi karo. Bakanike ya kwance tenshinan, ya wanke shi da fetur, sai fenti ya fara fita a hannunsa. Fentin azurfa. Ya miƙo min ya ce, "Yaya, wannan ai tsoho ne, an yi masa wanka. Duba tsakiya." Irin mai haƙora ne, kuma haƙoran tsakiyar sandar, daidai inda take aiki, duk sun shafe sumul. Na bakin ne kawai suka rage, shi ya sa in ka danna ta a miƙe take riƙewa. Sifirin ɗin kuwa ya ja shi da yatsa biyu, bai koma ba. Wato mutumin ya san sarai inda mai saye zai gwada. Ni ban ma yarda wanda ya nuna min a bidiyo shi ya aiko ba.

Gyara ya ci ₦46,000: bawul, cen, roba, gasket, baƙin mai, kuɗin aiki. Ga ₦31,000. Ku haɗa da kanku, ni in na haɗa raina ke ɓaci. Kuma tenshinan da ke ciki yanzu na shagon garinmu ne, na talakawa, bai kai rabin kuɗin guda ɗaya nasa ba, inji yana aiki lafiya lau. Kamfanin babur ɗin ba ruwansa, tambarinsa kawai aka sata aka manna a leda.

Na tura masa hoton bawul ɗin. Ya karanta. Ya ce bakanikena ne bai iya aiki ba, mutumin da ya fi shekara 20 yana buɗe inji. Na ce to ya dawo min da ₦14,000 na gudan da ko ɗaurawa ba a yi ba. Ya ce, "Alhaji ka yi haƙuri zuwa Juma'a." Daga nan ya toshe lambata. Ƙanena ya yi masa magana da wata lamba a matsayin sabon mai saye, nan take ya amsa, har da turo bidiyon danna yatsa. Yana nan yana cin kasuwarsa.

Ina da rasit ɗin banki, ina da hotunan hirarmu, ina da muryarsa yana rantsuwa. Zan saka su duka da daddare in na rufe lambar asusuna da ke jiki. Na kai ƙorafi banki, kuma zan kai wa 'yan sanda.

Kada ku sayi kayan cikin inji a waya. Ku je da bakanike, a buɗe leda a gabanku, a duba tsawon sandar gaba ɗaya, a ja sifirin. Sunan asusu in ya bambanta, ku bar shi.

Na biyun yana nan a ajiye a gareji, shi ma mun kankare mun ga fenti. Duk wanda ya taɓa tura wa mutumin nan kuɗi ya yi min magana ta akwatin saƙo, mu haɗa rasit ɗinmu mu shigar da ƙara tare.