Kwat ɗin sojan da kaka ya bari: tsohon soja ko intanet?

Sau da yawa ana tambayata: an buɗe adaka an tarar da kwat ɗin ulu mai nauyi na marigayi kaka, wa za a tambaya asalinta?

Mu a Zariya tsofaffin sojoji ba sa wuyar samu. Garin da ke da Dafo, wato barikin horar da sababbin sojoji, tun 1924 da makarantar sojan yara tun 1954 ai ba ya rasa su. Kuɗin mota kawai da ɗan goro. Na ga wani dattijo a Sabon Gari ya juya maɓalli ɗaya a tafin hannunsa, ya ce, “Ɗana, ka ga bishiyar kwakwar manjan nan? Rundunar Afirka ta Yamma ce, ta zamanin Turawa.” Daga nan sai labarin fareti har la'asar. Matsalar ita ce tsufa kan cakuɗa shekaru.

Intanet kuwa ba ta san kakanka ba, amma ta san kambi. Wanda ke kan maɓallan sojan Ingila ya sauya fasali bayan hawan Sarauniya Elizabeth a 1952, kuma ƙyallen da ke ɗinke a ciki yakan nuna shekara da kamfanin ɗinki. Sai dai data za ta ci, ga 'yan damfara masu taya kayan tarihi da arha. Kada ka sa hoton lambar sojan marigayi.

Mai son ya ji yadda kaka ya rayu a bariki, ya nemi dattijo tun yana raye. Mai son tabbatar da shekara, ko mai tunanin sayarwa, ya fara da intanet.