Bitar Faifan Final Fantasy X/X-2 HD Remaster Ga Mai Bin Sawun Shinra

Abin da ya kai ni Computer Village da ke Ikeja neman wannan faifai shi ne wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakanina da ɗan wana, wanda muke zaune tare a Agege. Tun da ya kammala Final Fantasy VII Remake ya kafe a kan cewa duniyar wasa na bakwai da ta wasa na goma a jerin wasannin bidiyo na Final Fantasy tsatsonsu ɗaya, kuma kamfanin Shinra mai zuƙe ran ƙasa a birnin Midgar jikokin wani yaro ne da ya fito a Final Fantasy X-2 suka kafa shi. Duk sa'ad da na nuna shakka sai ya ce, "Baffa, ai ba ji-ta-ji-ta ba ce, yaron da bakinsa ya faɗa." Na buga na bakwai tun zamanin PlayStation ta farko, na buga na goma a kan PlayStation 2, amma X-2 ban taɓa kai shi ƙarshe ba, don haka ba ni da bakin ƙaryata shi. Maganin musun kawai shi ne in sayo faifan in gani da idona.

Na samu kwafin PlayStation 4 na hannu, wato tokumbo, a wani ɗan shago da ke saman bene, bayan na leƙa shaguna uku ba a dace ba, domin abin da ya cika kantocinsu wasannin ƙwallo ne da na harbe-harbe. Yaron shagon ya saka faifan a na'urarsa a gabana, muka jira har allon farko ya fito da wasannin biyu, sannan na biya, kuma kuɗin bai kai rabin na sabon wasa ba. Wasannin biyu a faifai ɗaya suke a PlayStation 4, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai sayen kayan hannu. A wasu kwafin Nintendo Switch, musamman waɗanda aka yi domin kasuwar Turai, na goma ne kaɗai a kan katin, X-2 kuwa lambar saukewa ce a cikin kwali, wadda da zarar mai shi na farko ya yi amfani da ita ta mutu. Wanda ya sayi irin wannan kwafi don neman yaron nan Shinra ya yi asarar kuɗinsa, tun da yaron a X-2 yake.

Final Fantasy X ya fito a 2001, X-2 ya biyo baya a 2003, wannan gyararren bugu kuma ya iso PlayStation 4 a 2015. An wanke hotuna, an sake zana fuskokin manyan jarumai, an kuma bai wa mai wasa zaɓi tsakanin kiɗan asali da wanda aka sake tsarawa. Ni na koma kan na asali bayan sa'a ɗaya. Fuskar Tidus, jarumin wasa na goma, ta sabon zane ba ta da ran da ta dā take da shi, kuma idan ya tsaya kusa da mutanen gari waɗanda ba a taɓa su sosai ba, bambancin yakan fito fili kamar sabon fenti a tsohon bango. Sai dai ƙasar Spira kanta, wato duniyar da labarin yake faruwa a ciki, ta amfana ƙwarai da gyaran, musamman tsibirin Besaid da dajin Macalania. An haɗa da ƙarin abubuwan bugun da ake kira International, da gajeren fim ɗin Eternal Calm mai haɗa wasannin biyu, da Last Mission, da wani wasan kwaikwayo na murya mai kimanin minti 30.

Ga wanda ya zo da niyyar bincike irin tawa, wasa na goma ya fi ba da abin kamawa fiye da yadda na zata, ko da yake sunan Shinra bai fito a cikinsa ba. Akwai wurin da na ajiye abin sarrafa wasan na zuba ido kawai: ƙauyen Kilika bayan dodon nan Sin ya ragargaza shi, rana tana faɗuwa, akwatunan gawa suna ƙarƙashin ruwa, Yuna, jarumar labarin, ta taka kan ruwan ba takalmi tana juya sandarta don sallamar mamatan, wasu ƙananan fitilu masu kama da makesu suna tashi daga gawarwakin. Lulu, mai tsaron Yuna, ce take bayyana wa Tidus cewa mamacin da ba a sallama ba yakan yi hassadar masu rai har ya rikiɗe ya zama dodo, wanda aka sallama kuwa ya tafi Farplane, matattarar rayuka. Duk wanda ya san wasa na bakwai, wanda ya fito a 1997, dole ya tuna da Lifestream, kogin rai mai gudana a cikin ƙasa, inda kowane mai rai yake komawa idan ya mutu, kuma shi ne kamfanin Shinra yake tatsa da injuna ya mayar da shi mako, ya sayar wa jama'a a matsayin wutar lantarki. Haka nan ƙwallayen Spira masu adana hoto da tunanin mutanen dā suna da kama da materia, wadda ita ma mako ce da ta daskare tana ɗauke da ilmin mutanen farko. Wannan kamanni na gaske ne, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Kazushige Nojima ya yi aikin rubuta labarin wasannin duka uku.

Shi kansa yaron sai a X-2 ake haɗuwa da shi. Labarin ya faru shekara 2 bayan na goma, Yuna da Rikku da Paine suna yawon farautar ƙwallaye a jirgin sama mai suna Celsius, a ɗakin tuƙi kuma akwai wani ƙanƙanen ɗan ƙabilar Al Bhed sanye da rigar da ta rufe shi ruf har fuska, kullum yana gaban na'urarsa. Shi ne ya ƙirƙiro tsarin canza tufafin yaƙi da wasan ya ginu a kai, kuma duk lokacin da aka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa sai ya fake da cewa shi yaro ne. Sunansa Shinra. A babi na 5, dab da ƙarshe, idan mai wasa ya koma jirgi ya yi masa magana, sai ya bayyana cewa ya auna wani gagarumin ƙarfi da ke kewayawa a cikin Farplane, wanda yake ganin shi ne ran duniyar kanta, kuma da za a yi aiki a kai za a iya ciro shi a yi amfani da shi, sai dai aikin zai ci zuriya bayan zuriya. Yuna kuwa, maimakon ta tsorata, sai ta shiga mafarkin birni mai haske wanda ba ya barci. A nan tsigar jikina ta tashi, domin na san Midgar, na san mutanen da ke zaune a ƙarƙashin manyan farantan da aka gina birnin a kansu ba sa ganin rana. Ban kuma rasa yin murmushi ba, ganin cewa ina sauraron wannan mafarki na wutar da ba ta yankewa alhali ƙarar janaretan maƙwabta ta cika layinmu.

Iyakar abin ke nan. Hirar ba ta wuce 'yan mintoci ba, ba dole ba ce a cikin labarin, kuma mai gaggawar gama wasa zai iya wuce ta bai sani ba. Kafin in kai gare ta na kashe fiye da sa'o'i 40 a na goma, na ƙara wasu masu yawa a X-2. Wanda ya sayi faifan don wannan hira kaɗai ya sayi sa don ya samu ƙaho.

Sauran hujjojin suna wajen faifan. A hirarrakin da aka buga cikin littattafan Ultimania na kamfanin Square Enix, Nojima ya bayyana yadda shi yake hango abin: Shinra ya bar ƙungiyar su Yuna, ya samu tallafin ɗan kasuwan nan Rin, ya yi ƙoƙarin ciro ƙarfin Farplane bai cimma nasara a zamaninsa ba, sai bayan kimanin shekara 1000, da tafiya sararin samaniya ta yiwu, zuriyarsa suka isa wata duniya suka ci gaba da aikin. Da aka tambayi Yoshinori Kitase, ɗaya daga cikin jagororin shirya wasannin, a 2017, bai yarda ya ce duniya ɗaya ce kai tsaye ba, amma ya amince cewa Nojima ya yi wannan nuni da gangan. Sannan a Remake na 2020, a gidan tarihin da ke cikin hedikwatar Shinra, akwai wani tsohon hoto na ma'aikata wanda a cikinsu ake ganin mutum sanye da abin rufe fuska irin na yaron. Wannan hoto shi ne babban makamin ɗan wana, har ya ɗauke shi a waya yana nuna wa duk wanda ya zauna kusa da shi.

Bayan na gama, matsayina shi ne ya yi gaskiya a rabi. Ba masoya wasan ne suka ƙaga alaƙar daga iska ba. Marubucin ne ya dasa ta da hannunsa. Amma idan aka ɗora ta a kan labarin wasa na bakwai sai ta soma ɗingishi. A can, abin da Sephiroth, babban mugun labarin, ya karanta a ɗakin karatun ƙarƙashin gidan Nibelheim shi ne cewa mutane sun samo asali daga Cetra, wato mutanen farko, waɗanda wasunsu suka gaji da ƙaura suka zauna wuri ɗaya, babu maganar baƙi daga Spira. Abin da ya fi damuna shi ne Cid Highwind da rokarsa mai lamba 26, wadda ta yi shekaru a jingine tana tsatsa a Rocket Town saboda kamfanin Shinra bai taɓa kai mutum sama ba. Yaya jikokin waɗanda suka ƙetare taurari za su kasa harba roka ɗaya? Ana iya cewa ilmin ya ɓace da tsawon zamani, amma wannan amsa masu hasashen ne suka kawo ta, ba wasan ba. Suna kaɗai kuma ba ya zama hujja a wannan jerin wasanni, inda ake samun Cid kusan a kowanne, da Biggs da Wedge, da tsuntsun chocobo, da Shiva da Ifrit da Bahamut, ba tare da kowa ya ce dangi ne ba. Gilgamesh na wasa na biyar, wanda aka jefa cikin ramin da ke tsakanin duniyoyi, shi ne ya fi kowa dalilin bayyana a wasu wasannin, kuma hanyarsa daban ce da ta Shinra.

Abin ya tuna mini da labarin Bayajidda, wanda ya ɗaure Daura da sauran Hausa Bakwai da Bagadaza. Masana tarihi suna da ja a kansa, amma ba wanda zai ce labarin bai yi aiki ba wajen nuna wa mutane yadda suke ganin dangantakarsu. Alaƙar Spira da Midgar irin wannan aiki take yi: tana sa mai wasa ya kalli kyakkyawar niyyar yaro mai basira da mafarkin Yuna, ya san inda irin wannan mafarki yake iya ƙarewa. Don haka na fi jin daɗinta a matsayin inuwa da aka jefa kan labarin X-2 fiye da salsalar da za a rantse a kanta.

Akwai nakasu biyu da mai bin diddigin labari zai ci karo da su, kuma a Legas sun fi ciwo. Bugun PlayStation 4 ba ya ajiye wasa da kansa. Sai an kai ga ƙwallon ajiya, kuma a na goma ba a tsallake hirarrakin labari. Ranar da nake fama da Seymour, ɗaya daga cikin manyan abokan gaba, a kan dutsen Gagazet aka ɗauke wuta sau biyu, kowane karo kuma sai na sake zama na kalli doguwar hirar da ke gabanin faɗan daga farko. Bugun kwamfuta na 2016 yana da ajiya ta kai tsaye da hanyar ƙara sauri, don haka mai kwamfuta mai ƙarfi, musamman ta tafi-da-gidanka mai batir, ya fi dacewa da shi. A X-2 ana iya tsallake hira, amma yin hakan yana rage makin kammalawa, wanda shi ke buɗe cikakken ƙarshen labari, kuma kai wa kashi 100 a zagaye ɗaya ba tare da jagora ba abu ne mai wuyar gaske. Babu kuma wani kundi a cikin faifan da ya tattara tarihin Spira wuri ɗaya, ballantana ya ambaci maganganun Nojima, alhali bugu ne da aka yi domin tsofaffin masoya. Na ƙare da littafin rubutu a gefena ina ɗaukar bayani kamar ɗalibi.

Iyaye kuma su sani cewa launin wasannin biyu ya bambanta. Na goma labari ne mai nauyi a kan mutuwa da sadaukarwa da shugabannin wani ƙagaggen addini mai suna Yevon waɗanda suka yaudari mabiyansu, X-2 kuwa da dandalin waƙa da rawa ya buɗe, kuma suturar 'yan matan ba irin wadda za a so a gani a talabijin ɗin falo ba ce. Ni a ɗaki na buga shi. Turancin hirarrakin ba mai tsauri ba ne, akwai kuma rubutu a ƙasa, abin da ya taimaka mini ƙwarai a hirar Shinra, domin muryarsa ta cikin abin rufe fuska take fitowa.

Na goma kaɗai ya biya ni kuɗina, kuma har yanzu tsarin faɗansa, inda ake ganin jerin wanda zai kai hari na gaba a gefen allo, yana cikin mafi kyau a jerin. X-2 ya fi shi saurin faɗa da yawan wasa, ya kasa shi nauyin labari. Faifan yanzu yana hannun ɗan wana, wanda ashe bai taɓa buga X-2 ba, a YouTube ya ga hirar da yake ta kafa mini hujja da ita. Jiya da dare ya leƙo ɗakina ya ce, "Baffa, wai ina ake samun harafin Al Bhed na ƙarshe?" Har yanzu yana cikin na goma, ya tattara 19 daga cikin haruffa 26 na harshen Al Bhed, bai ko kai Zanarkand da ke dab da ƙarshen labarin ba.