Wata shida da tukunyar furesha a kicin ɗina

Tsadar gas ce ta sa na sayi tukunyar furesha, wato wadda ke saurin dafa abinci da matsin tururi. Gidanmu masu cin wake ne, garau-garau sai mu yi sau uku a sati, kuma duk wadda ta taɓa dafa wake a kan gas ta san yadda yake cin wuta. Bayan Ƙaramar Sallah na shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan kicin, na ɗauko mai lita 7, ta alminiyam mai kauri.

Ranar farko kam na sha tsoro. Tana fara wannan huci nata na ja da baya har bakin ƙofa, Hajiya, mahaifiyar maigidan, tana daga tsakar gida tana cewa, "Ke 'yar nan, kashe abin nan kafin ya tashi da mu!" Na ce, "Hajiya, haka take aikinta," alhali ni ma ƙirjina dukan uku-uku yake.

Murfin ne yake kulle tururi a ciki. Ruwan da ke tafasa a digiri 100 a tukunyar da muka saba, a nan sai ya kai wajen 120, shi ya sa abu mai tauri ke saurin nuna. Wake yana yi min laushi cikin kamar minti 25, ko ƙwayar kanwa ban sa ba. Amma inda ta fi burge ni shi ne da Babbar Sallah. Kai da ƙafa, da a da sai mu wuni muna iza itace, ban cika awa guda ba naman ya saki ƙashi.

Tana da nata halin dai. Ba a buɗe ta a ɗanɗana gishiri, sai an sauke an jira tururin ya gama fita. Na taɓa haɗa shinkafa da wake a ciki lokaci ɗaya, shinkafar ta caɓe, yara suka ce fate na yi musu. Yanzu wake kaɗai nake dafawa, in juye a wata tukunya in zuba shinkafa. Kuma kada wake ya wuce rabin tukunyar, domin kumfarsa tana iya toshe ramin da tururi ke fita.

Abin da ya ɓata min rai robar murfin ce. Wata huɗu ta saki, tururi na tsiyaya ta gefe. Na koma shagon, mutumin ya ce shi tukunya yake sayarwa, ba roba ba. Sai da na zaga shago biyar cikin rana kafin na samu daidai girmanta. In za ki saya, ki sa a haɗo miki da roba ta biyu tun a wurin.

Tuwo kuwa yana nan a tsohuwar tukunyata da muciyarsa. Hajiya har yau ba ta shiga kicin in furesha na kan wuta, amma jiya ta aiko min da ganda a leda, wai in sa mata a "mai hucin nan".