Hadda Ko Bin Tsari: Wanne Ya Fi Wajen Riƙe Ayon Masu Atom Da Yawa?

Ɗalibai na yawan tambayata: su haddace sunaye da cajin ayon masu atom da yawa (rukunin atom da ke haɗe wuri guda suna ɗauke da cajin lantarki) ne, ko su koyi tsarin sunayen?

Hadda ta fi sauri. A rubuta SO₄²⁻ a gefe ɗaya na kati, salfet a bayansa, a yi ta bita. Matsalarta mantuwa: kwana biyu ba bita, naitiret da naitirait sun cakuɗe.

Tsari kuwa sai da haƙuri, amma yana zama a kai. Mai ƙarewa da "-ait" yana ƙasa da mai "-et" da oksijin ɗaya, caji bai canja ba: NO₃⁻ (naitiret) da NO₂⁻ (naitirait), SO₄²⁻ (salfet) da SO₃²⁻ (salfait). In ka ƙara H⁺ (ayon na haidirojin), cajin negatif ya ragu da ɗaya, CO₃²⁻ ya koma HCO₃⁻. Sai dai tsarin ba zai gaya maka fosfet PO₄³⁻ ne ba, kuma amoniyam, NH₄⁺, da haidiroksaid, OH⁻, ba ruwansu da shi. Waɗannan dole a haddace, ba makawa.

Wanda jarrabawa ta ƙarato masa, katin hadda zai fi fisshe shi. Mai niyyar zurfafawa a kimiyyar sinadarai, tsari ya fi dacewa da shi.