Na je kallon giwaye a Siri Lanka, ga inda kuɗina suka yi amfani da inda na yi asara

Tun da na dawo ake ta damuna a WhatsApp wai ina hoton da na hau giwa, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta, hoton yana nan a wayata amma ba zan ɗora ba.

Aiki ne ya kai mu Kolombo ni da wani Alhaji da muke ofis ɗaya, ya girme ni sosai, da aka gama muka ƙara kwana uku daga aljihunmu. Ni na matsa sai mun je Udawalawe, gandun daji ne na gwamnati a kudancin ƙasar da aka buɗe tun 1972, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota. Alhaji cewa yake kai yaro giwa ce ba mu da ita a Yankari, na ce Alhaji ai ta nan daban ce, kuma wallahi daban ɗin ce. Ba ta kai tamu girma ba, kunnenta ƙarami, goshinta da tudu biyu kamar an tsaga shi a tsakiya, sannan yawancinsu ba haure. Matan sam ba su da shi, mazan ma masu shi 'yan kaɗan ne, cikin ɗari da ƙyar ka samu bakwai. Yini guda muna yawo ban ga mai haure ko ɗaya ba.

Abu na farko da ya kamata mutum ya sani, kuɗin shiga daban kuɗin jif, wato motar da ke zagayawa da kai cikin dajin, daban, kuma baƙo ba ya biyan abin da ɗan ƙasa ke biya, nesa ba kusa ba. Giwa a garin wani zomo ce, haka muka biya bakinmu alaikum. Ƙarfe shida na safe ake buɗe ƙofa, mun yi sallar asuba muka fito da duhu-duhu amma mun tarar da layin motoci.

Ba mu yi minti ashirin da shiga ba direba ya kashe mota ya ɗaga mana hannu mu yi shiru. Uwa ce da 'ya'ya biyu a gefen hanya, tsakaninmu bai fi tsawon mota biyu ba. Abin da ya tsaya mini a rai yadda take cin ciyawa ne, ta naɗe tushen da hancinta, ta sa ƙafar gaba ta shure shi ya tumɓuke, sai ta kakkaɓe ƙasar a gwiwarta kamar mai kakkaɓe gyaɗa sannan ta kai baki, ta sake, ta sake, ba gaggawa ko kaɗan. Ƙaramin kuwa duk jikinsa gashi tsaye-tsaye, bai ma iya sarrafa hancin ba, ya kama ciyawa ta suɓuce, ƙarshe ya durƙusa ya sa baki kai tsaye. Alhajin da ke cewa ba abin kallo sai ji na yi yana ta tasbihi ƙasa-ƙasa. Akwai wani gurnani da uwar ke yi, a ƙirji kake jinsa fiye da kunne. Mun ga ɓauna da kada a bakin dam, dawisu kuwa kamar kaji.

Abin da ya ɓata min rai a wajen, da wani direba ya hango giwa sai ya buga wa sauran waya, kan ka ce me mota goma sun zagaye ta, hayaƙi da ƙara, har wani ya tare mata hanyar zuwa ruwa don fasinjansa ya samu hoto. Namu ma ya so ya kutsa na ce masa dan Allah ya bari, bai ji daɗi ba, ina ga ya ɗauka zan rage masa na goro.

Da rana muka je gidan marayun giwaye da ke kusa da gandun, hukumar kula da namun daji ta ƙasar ce ta kafa shi a 1995. Nan ne gaskiya na fi jin kuɗina sun yi amfani, ga shi kuɗin shigar ba yawa. Ba ka taɓa su, ba ka matsa kusa, kana zaune kan benci can nesa bayan shinge. Lokacin ba da madara na yi sai ka gan su sun taho a guje daga daji kamar an tashi 'yan firamare, ana shigo da su kaɗan-kaɗan, a sa musu tiyo a baki a zuba madarar ta mazurari, wanda ya shanye a kora shi gaba, wani ya zagaya ya dawo layi yana ihu wai shi bai sha ba, ma'aikatan sun gane shi suka kora. Duka-duka bai fi rabin awa ba. Alhaji ya ce shikenan? Ai da gangan ne, ba a so su saba da mutane saboda in sun kai wajen shekara biyar daji ake mayar da su. Da yawansu iyayen ne suka mutu a rikici da manoma, harbi ko wayar lantarki ko jirgin ƙasa, a Fabrairun 2025 ma jirgi ya kashe giwaye shida lokaci guda kusa da garin Habarana. Kuma in ka ga gonakin shinkafa da ayaba manne da shingen gandun, ka tuna dabba ce mai cin kusan kilo 150 a rana, za ka tausaya wa manomin shi ma.

To sai asarar. A hanyar komawa direban da muka ɗauka daga otal ya ce akwai wajen wani abokinsa, ana hawa giwa ana yi mata wanka, farashi mai sauƙi. Ni ne na ce mu tsaya, ba zan ɗora wa kowa ba. Na hau, an zagaya da ni kamar minti goma, ana ɗaukar hoto ina washe baki. Sai da na sauko na lura da ƙafarta ta baya, sarƙa ta ci wajen har fatar ta yi fari, shi kuma mai kula da ita yana riƙe da sanda mai ƙugiyar ƙarfe a kai, ko motsa sandar ya yi sai ta ƙanƙance ido. Can ƙarƙashin bishiya akwai wata a ɗaure kan siminti tana ta kaɗa kai hagu da dama ba tsayawa, wani bature na cewa rawa take, ni dai na ga na daji da safe kuma ba wacce ta yi haka. Farashin mai sauƙin ma da muka zo biya ya ninka, wai na hoto daban na ayaba daban.

In za ka je ka tafi da hula da takunkumi don ƙurar ba wasa, kuma ka yi ciniki da mai jif tun daren jiya. Direbanmu ya ce daga Agusta zuwa Satumba giwaye kan taru da ɗaruruwa a bakin tafkin Minneriya, wani gandun daban a ƙasar, in rani ya yi, mu ba lokacin muka je ba. Alhaji har ya fara tambayata nawa ne tikitin Agusta.