Shafin Check Coverage na Apple: abin da lambar siriyal ta waya ke faɗa da abin da take ɓoyewa

Duk mai sayen iPhone ta hannu, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko a wani wuri, ya kamata ya san wannan shafi. Kyauta ne. Ka shigar da lambar siriyal, wato lambar da kamfani ya ba kowace waya ita kaɗai, ka kwafi haruffan tantancewa, nan take ya nuna maka samfurin wayar da ko garantinta na shekara ɗaya yana nan ko ya ƙare.

Lambar tana cikin Settings, sai General, sai About. Tsofaffin wayoyi na da haruffa da lambobi 12, waɗanda aka fara fitarwa daga 2021 kuma 10 ne. Idan shafin ya ƙi lambar, duba da kyau, sau da yawa harafin O aka rubuta a gurbin sifili.

Amfaninsa na gaske yana wajen wayar da aka ce sabuwa ce dal a leda. Idan garantin ya riga ya ci wata bakwai, to akwai yiwuwar wani ya taɓa kunna ta, aka naɗa ledar daga baya. A nan shafin ba ya wasa.

Sai dai kada a dogara da shi kaɗai. Masu jabu suna kwafar lambar gaskiya su buga a kwalaye da yawa, musamman na AirPods, shafin kuwa lambar yake tantancewa, ba kayan da ke hannunka ba. Haka kuma ba ya nuna ko wayar ta sata ce, ko tana kulle da iCloud (asusun Apple) ɗin wani. Wannan babban giɓi ne, domin tun 2017 Apple ya cire shafinsa na duba wannan kulle.

Don haka a haɗa da IMEI, wata lambar shaidar waya daban da siriyal. Danna *#06#, lambobi 15 za su fito. Su yi daidai da na kwali, da kuma wanda aka zana a jikin tiren SIM, a samfura daga 6s zuwa 13. In sun saɓa, an canza wani abu. Harafin farko na lambar samfuri, wadda ita ma tana cikin About, yana magana: M sabuwa, F wadda kamfani ya sabunta, N wadda aka bayar a madadin wata. Kafin kuɗi su bar hannunka, mai wayar ya fita daga iCloud a gabanka, ya kuma rubuta IMEI a rasit.